'Yata haifaffiyar Makka tana son zama lauya, ta ina za mu fara?

"Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Makka ce, shekara 22 muna nan wajen Shari' Mansur, ni da maigidana duk 'yan Najeriya ne. 'Yata ta biyu a nan aka haife ta, igama (takardar zaman baƙo) gare ta da fasfo ɗin Najeriya, bana take gama sanawiyya, wato sakandare, kuma ba ta da zance sai na zama lauya. Babanta yace ta nemi jami'ar Ummul Ƙura ta nan Makka ta karanta Shari'a, ƙanina yace a mayar da ita gida Kano, wata maƙwabciyata 'yar Sudan kuma tace su a da Khartoum ake kai yara. Larabcinta ya fi Turancinta nesa ba kusa ba. Dan Allah wace hanya ce take kai mutum ga zama lauya na gaske? Muna tsoron kar mu kashe kuɗi da shekaru a banza."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya ta ya cika mata burinta. In na fahimce ki, kina so ki san cikin hanyoyi ukun nan, wato nan Saudiyya da gida Najeriya da Sudan, wacce ce in yarinya ta bi za ta wayi gari da izinin tsayawa gaban alƙali tana kare mutum. To kafin a zaɓi jami'a akwai tambayar da ya kamata ku zauna da ita ku yi mata, ku yi wa kanku: a kotun wace ƙasa take son tsayawa? Saboda digirin shari'a daban, lasisin aikin lauya daban. Digiri jami'a ce take bayarwa, shi kuwa lasisi hukumar ƙasa ce take bayarwa, kuma kowace ƙasa da ƙofarta da mai gadinta, wasu ma kafin su kalli takardar karatu sai sun fara kallon fasfo. Ni a Kano na yi digirina, na je Makarantar Horas da Lauyoyi aka rantsar da ni a gida, yanzu shekara 11 kenan ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Jidda a matsayin mustashar, wato mai ba da shawara kan doka, kuma har yau ɗin nan ban taɓa tsayawa gaban alƙalin Saudiyya da sunan muhami, wato lauya mai lasisi, ba, ba kuma zan iya ba. Dalilin hakan shi ne ginshiƙin amsar da zan ba ki.

Nan Saudiyya

Dokar aikin lauya ta nan, wadda suke kira Nizamul Muhamat, ta fito ne a 1422 Hijiriyya, wato 2001, kuma sharaɗin farko da ta gindaya shi ne mai neman rukhsa, wato lasisi, ya zama ɗan ƙasa, sai abin da yarjejeniyar ƙasashe ta keɓe kamar 'yan ƙasashen Khalij, wato ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Bayan jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, sai digiri na Shari'a ko na Anzima, wato dokokin ƙasa, sai tadribi, wato horo, a ƙarƙashin lauya mai rukhsa. Da shekara 3 ne tadribin, a gyaran da aka yi a 2022 aka mayar da shi 2, mai majistir (digiri na biyu) ana rage masa, mai daktora (digiri na uku) kuma an ɗauke masa. Ma'aikatar Shari'a ce take ba da rukhsar, ana sabunta ta duk shekara 5. Mata kuwa tun 2013 aka fara ba su, yanzu in kika shiga manyan ofisoshi a Jidda ko Riyad za ki gansu da yawa, kuma cikinsu akwai 'yan gidan Hausawi da Fallata da Barnawi, jikokin mutanenmu da suka zo aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka samu jinsiyya. Su ƙofa a buɗe take musu.

'Yarki kuwa haihuwar Makka ba ta mayar da ita 'yar ƙasa ba, kin fi ni sanin wannan. Ko ta fito da mumtaz, wato sakamako mafi daraja, daga Ummul Ƙura, muddin igama take riƙe da ita ba za a rubuta sunanta a rajistar lauyoyi ba. Na faɗa miki haka kai tsaye ne saboda na ga iyaye da yawa sun ɗauka wai in yaro ya yi ƙoƙari za a duba, alhali magana ce ta doka ba ta ƙoƙari ba.

Amma fa ba ina nufin karatun nan ba shi da amfani gare ta. Akwai aikin da baƙo yake yi, shi ne wanda nake yi: rubuta kwangiloli, duba takardun kamfani, shirya muzakkira, wato rubutaccen jawabin ƙara ko kariya, wadda lauya ɗan ƙasa zai sa hannu ya kai kotu ta Najiz, wato shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, ba da shawara kan rikicin ma'aikata da na haya da na kasuwanci. Kuma yanzu lokaci ne mai daɗin karatun dokar ƙasar nan, domin abubuwan da a da sai alƙali ya koma littattafan Hanbaliyya an fara zuba su cikin dokoki rubutattu, dokar iyali ta fito a 2022, ta mu'amalar jama'a wato Mu'amalat Madaniyya a 2023. Akwai kuma tahkim, wato sasanta rikicin kasuwanci a wajen kotu, dokarsa ta 2012 ta nemi shugaban masu sasantawa ya zama mai digirin Shari'a ko doka, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Sai dai ki sani kujerun mustashar ɗin ma ana ta mayar da su hannun 'yan ƙasa ƙarƙashin tsarin sa'awada, a idona ofishinmu ya rage baƙi, waɗanda suka tsira kusan duk masu wani abu ne a hannu da ba a samu a wajen kowa, ko lasisin wata ƙasa ko Turanci mai ƙarfi haɗe da Larabci. Shi ya sa in yarinya ta yi digiri a nan kawai ta tsaya, za ta fito ne ta shiga layi ɗaya da 'yan ƙasa masu digiri irin nata, kuma su doka tana bayansu.

Wani abu da nake roƙo a ja kunnen yaranmu a kai: aikin mu'aƙƙib, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, ba aikin lauya ba ne. Yaro ya iya Larabci, ya san hanyar Jawazat, wato ofishin shige da fice, da ofishin kwadago, sai mutane su fara ce masa lauya, shi ma ya amsa, har ya fara karɓar kuɗi yana rubuta wa mutane ƙara. Dokar nan ta tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ko tara mai nauyi ga wanda ya yi sojan gona da sunan muhami, baƙo kuma kin san abin da ke biyo bayan irin wannan, tarhil ne, wato kora daga ƙasa.

Hanyar gida

Nan ne fasfonta yake da ƙarfi, don haka nan zan fi daɗewa. A Najeriya hanya ɗaya ce take fitar da lauya. Digirin LLB na shekara 5 a jami'ar da Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da tsangayarta, sannan kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962 ta fara a Legas, yanzu hedikwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana da rassa har da na Bagauda a jihar Kano da na Yola. A can ne ake koyon aikin hannu, yadda ake shigar da ƙara ta farar hula da ta laifi, cinikin filaye da gidaje, rajistar kamfani, da ladubban sana'a, a tura ɗalibi kotu ya zauna ya gani, a tura shi ofishin lauyoyi, sannan jarabawar ƙarshe. Wanda ya ci sai majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da shi, ya je Kotun Ƙoli a rubuta sunansa, daga ranar yana iya tsayawa a kowace kotu a ƙasar tun daga majistare har Kotun Ƙoli. Ki lissafa shekara 6, ki ƙara ta bautar ƙasa, ki kuma bar sarari don yajin aikin malamai in jami'ar gwamnati ce.

Abin da zai faranta ran babanta shi ne ba sai ta zaɓi tsakanin Shari'a da dokar boko ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna koyar da shari'ar Musulunci a tsangayar shari'a, kuma akwai digirin da ya haɗa biyun. Yarinyar da ta tashi da Larabcin Makka, ta yi fiƙihu da fara'id tun mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, wallahi a ajin gado da aure da shaida za ta riƙa koya wa 'yan ajinsu ne. Abin da za ta saba da shi kawai shi ne kotunanmu na Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, Risala da Mukhtasar da Tuhfa, ba Hanbaliyyar da ta taso da ita ba. Kuma mata lauyoyi masu karanta waɗannan littattafai daga asalinsu ba tare da fassara ba sun yi ƙaranci ƙwarai, ga shi kuma mafi yawan masu zuwa kotun shari'a da kukan saki da ciyarwa da riƙon 'ya'ya da gado mata ne. Ni in 'yata ce wannan kaɗai ya isa ya ja hankalina.

Katangar ita ce Turanci, kuma kar a raina ta. Shiga tsangayar shari'a na buƙatar kiredit 5 a jarabawa irin WAEC ko NECO, cikinsu da Turanci da Adabin Turanci, sannan JAMB da maki mai yawa domin kujerun ƙididdigaggu ne, kowace jami'a da adadin da aka yanka mata. Takardar sanawiyyar nan ita kaɗai da wuya ta wadatar, musamman saboda Adabin Turancin. JAMB ta sha gudanar da jarabawarta a Jidda, kuma akwai makarantar Najeriya a Jiddan, ku fara tuntuɓar su da ƙaramin ofishin jakadancinmu kan rajistar bana. Shawarata ku ware mata shekara ɗaya cur, ko a nan ko a gida wajen kawunta, ba ta komai sai Turanci da shirin waɗannan jarabawowi, ta karanta littattafai ta yi rubutu kullum a gyara mata. Mutane suna ganin shekarar asara ce. Na zauna aji ɗaya da waɗanda suka shigo da raunin Turanci, masu kaifin ƙwaƙwalwa ne sosai, amma shari'ar Najeriya hukunce-hukuncen alƙalai ne masu shafi 40 da 60 da tsohon Turanci, wanda bai iya ninƙaya a ciki ba tun aji biyu yake fara nutsewa, wasu sun maimaita shekara biyu wasu sun canja kwas.

Nasan zuciyarki za ta je kan hijabi, don kin ga hoton lauyoyinmu da hular gashi da baƙar riga. An yi wannan rigimar an gama. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, magana ta kai har majalisar wakilai, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta ƙarƙashin hular. Tun daga nan 'yan mata suke rantsuwa da shi.

To in ta yi digiri a nan, ta koma gida ta shiga makarantar lauyoyi fa?

Wannan ita ce dabarar da kowa yake fara kawowa, kuma a nan na ga an fi yin kuka. Gaskiya ne akwai kwas na share fage da ake kira Bar Part I ga waɗanda suka yi digiri a waje, suna yin sa kafin su haɗu da sauran ɗalibai. Amma an gina shi ne don masu digirin doka irin ta tsarin Ingila, kuma ana bin takardar sakamako darasi bayan darasi ana neman dokar kwangila, ta laifuka, ta tsarin mulki, ta filaye, ta shaida, ta diyyar ɓarna da sauransu a bisa wancan tsari. Digirin Shari'a na nan usulu ne da fiƙihu da ƙawa'id da siyasa shar'iyya, ilimi ne babba amma ba shi ake nema a wannan ƙofa ba. Wani matashi ɗan unguwar Karantina ya taɓa zuwa ofis ya same ni da shahadarsa ta Shari'a daga wata jami'a a nan Saudiyya, sakamako mai kyau, ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa shekara ɗaya ta rage ya zama barista. Da muka baje takardun muka bi su ɗaya bayan ɗaya na ga babu yadda za a yi, ranar na rasa bakin da zan gaya masa. Daga baya ya koma gida ya shiga LLB daga aji biyu, shekara 4 sabuwa, sannan makarantar lauyoyi. Yau lauya ne kuma yana da ilimi biyu, amma da an gaya masa tun farko da shi zai zaɓi ya bi doguwar hanyar da saninsa.

Mai digirin Shari'a yana da tasa ƙofar a gida, ta alƙalanci. Tsarin mulkin 1999 ya yarda a naɗa Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko da mutum ba lauya ba ne, in yana da shahadar shari'ar Musulunci da aka amince da ita ta kai shekara 10 a hannunsa tare da gogewa ko shahara a ilimi. Sai dai wannan kujerar yanke hukunci ce, 'yarki kuma tsayawa kare mutane tace tana so.

Maganar Sudan

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Abokin aikina na kusa Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, a Nilain ya karanta, kuma kaf ofishinmu babu mai rubuta muzakkira da Larabci kamarsa. Su tsarinsu bayan digiri sai jarabawar da suke kira mu'adala, sai shekara guda ta horo a ofishin lauya, sannan kwamitin karɓar lauyoyi ya ba da rukhsa bisa dokar 1983, kuma lauyoyin Sudan suna da daraja a ofisoshin Khalij saboda dokarsu ta sha daga tsarin Ingila ta sha daga fiƙihu. Jami'ar Khartoum da ta Musulunci ta Omdurman da Ifriƙiya al-Alamiyya sun yaye 'yan Najeriya masu yawa. Amma rukhsar can ma ta 'yan Sudan ce, sannan tun yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 karatu ya tarwatse, ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan aka kwaso su, wasu sun sha wahala kafin su samu takardun sakamakonsu. Ban ga dalilin tura budurwa can a wannan hali ba. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Wata ƙofa da ba ku ambata ba

Tun 2021 Ingila ta buɗe sabuwar hanyar zama solisita, wato wani nau'in lauya a can, ta jarabawar SQE. Digiri kowane iri ne ana karɓa, ko ba na doka ba, ko daga wace ƙasa in an daidaita shi. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi a kwamfuta kuma ana zama a cibiyoyi a wajen Ingila, kashi na biyu gwajin aikin hannu ne, sannan shekara 2 ta gogewar aiki wadda ake iya yi a wata ƙasa in solisita ya sa hannu ya tabbatar. Ba a tambayar jinsiyya. Tunda aka ba manyan ofisoshin lauyoyi na waje damar buɗewa a Saudiyya bayan gyaran 2022, mai wannan lasisi da Larabcin uwa yana da kasuwa. Amma kuɗinta fam dubbai ne, jarabawar tana da zafi ko ga waɗanda Turanci ne harshensu, kuma ba ta ba mutum izinin tsayawa a kotun Makka ko ta Kano. Mataki ne na gaba, bayan an samu digiri da aiki, ba na yarinyar da ke gama sanawiyya ba.

In ni ne a matsayinku, gida zan kai ta, ta yi shekarar Turanci, ta nemi digirin da ya haɗa Shari'a da dokar ƙasa, a rantsar da ita. Da wannan tana da lasisin da babu mai ƙwace mata saboda canjin kafili ko ƙarewar igama, in kuma rabo ya dawo da ita nan za ta shigo ofis da abin da na shigo da shi har da ƙari, tunda ni Larabcina a makaranta na koya ita kuwa da shi ta buɗe baki. In kuwa zama kusa da ku ya fi komai muhimmanci, ko babanta bai natsu da ta yi nisa ba, wanda uzuri ne na gaskiya, to ta nemi minha, wato gurbin tallafin karatu, ta cikin gida ta karanta Anzima maimakon Shari'a zalla, ta dage da Turanci a gefe, amma ta shiga da sanin cewa mustashara za ta zama ba muhamiya ba. Ku gaya mata wannan da bakinku kafin ta cike fom.

Ni aikina kwangiloli ne da shari'ar kamfanoni, ba jami'in ɗaukar ɗalibai ba ne, kuma ban ga takardun 'yarki ba, ƙa'idojin shiga jami'a da na rukhsa kuma ana taɓa su lokaci zuwa lokaci, don haka duk jami'ar da kuka nufa ku nemi sharuɗɗanta na wannan shekara a rubuce, kar ku tsaya ga "wani yace". Sannan tun yanzu ku ɗauko takardar haihuwarta da igama da fasfo da shahadar makaranta ku jera su ku duba sunan. Yaranmu na nan sau da yawa a Larabci suna huɗu ne har da kaka, a fasfo kuma biyu ko uku da wani rubutun daban, ranar haihuwa ɗaya Hijiriyya ɗaya Miladiyya ba su dace ba. Sunan da ta yi rajistar JAMB da shi sai ya yi daidai da na lambar NIN ɗinta, kuma shi zai bi ta har rajistar Kotun Ƙoli, gyaransa yanzu a Jidda ya fi sauƙi a kan gyaransa bayan shekara 6 a Bwari.